Yadda Za Ka Juya Kalmar Bhakti Zuwa Hausa Idan Kana Fassarar Fim

Wannan na ƙannena ne da suka shigo harkar fassarar fina-finan Indiya a Kano, musamman masu ɗora murya a situdiyoyin Titin Gidan Zoo. Akwai kalmar da kuke yi wa kuɗin goro, wato bhakti. Duk inda ta fito sai ku ce "bauta" ku wuce. Wani wurin kun dace, amma a wurare da yawa kuna sa wa jarumi maganar da bai faɗa ba.

Da zarar ka ji ta, tsayar da fim ɗin ka tambayi kanka: wa ake yi wa? Kalmar ta Sanskirit ce, daga tushen bhaj, mai ma'anar rabawa ko samun rabo a cikin abu, har ta kai ga jingina kai ga wani. Kullum tana da wanda aka nufa da ita, kuma ba dole ya zama abin bauta ba.

Idan ƙasa ce, za ka ji deshbhakti, wanda finafinan sojoji ke cike da shi. Kishin ƙasa ke nan. Kada ka kuskura ka ce "bautar ƙasa", don ɗan kallo a Fagge zai ɗauka jarumin ya gama jami'a ne ya sa kaki an tura shi sansani. Idan yaron gida ne da ubangidansa, swamibhakti ce, ka ce riƙon amana ko biyayya. Har kare da doki ana yi musu wannan shaida. Ɗalibi da malaminsa kuwa gurubhakti, kuma nan sai ka ɗan ƙara nauyi, domin matsayin guru a wajensu ya wuce na malamin aji. Baitin ƙarshe na Shvetashvatara Upanishad, ɗaya daga tsofaffin littattafansu, ya jera bhakti ga guru kafaɗa da kafaɗa da wadda ake yi wa abin bauta. Ni nakan ce "ya sallama kansa ga malaminsa".

A fim ɗin siyasa kuma kalmar takan zama zagi. Wanda aka kira andhbhakt, ɗan a-mutu ne mai makauniyar biyayya. Tun ranar 25 ga Nuwamba 1949 Dakta Ambedkar, jagoran kwamitin rubuta tsarin mulkin ƙasar, ya gargaɗi majalisar tsara tsarin mulkin Indiya cewa bhakti a siyasa hanya ce ta faɗawa mulkin kama-karya. Mu da muka san siyasar Kano ba ma buƙatar dogon bayani a nan.

Aikin yana ga inda ake yi wa abin bauta. Nan ma ba ka gama ba, sai ka duba wace alaƙa mutumin ya ɗauka tsakaninsa da shi. Wani malaminsu na ƙarni na 16, Rupa Goswami, almajirin wani babban jagoran addininsu, Chaitanya ɗan Bengal, ya kasa ta gida biyar, kuma har gobe masu shirya fim a kan layin nan suke tafiya. Akwai ta natsuwa, mutum ya zauna shiru ya rufe ido. Sassauta murya kawai. Akwai ta bara da ubangida, wadda Hanuman mai siffar biri ya yi fice da ita a gaban Rama, ɗaya daga waɗanda suke bauta wa, inda "bauta" da "hidima" suke zama daram. Sai ta abota, irin ta mayaƙi Arjuna da Kirishna (shi ma abin bautarsu ne), kuma a nan ne za ka ga jarumi ya shiga wurin ibada yana ƙorafi, yana faɗa, har yana gatse. Kada ka gyara masa harshe. Ka bar shi ya yi magana kamar yana gaban abokinsa, don haka marubucin ya nufa.

Biyun da suka rage su ne ke ba Bahaushe wuya. Ta huɗu ita ce mai ibada ya ɗauki abin bautarsa a matsayin ɗa. Asalinta labarin Yashoda ne, wadda ta goyi Kirishna, take yi masa faɗa kan satar man shanu, har wata rana ta ɗaure shi a jikin turmi. Shi ya sa za ka ga tsohuwa a fim da ɗan ƙaramin mutum-mutumin Kirishna tana yi masa wanka, tana sa masa tufafi, tana ajiye masa alawa, tana lallaɓa shi ya yi barci. Idan ka sa mata "ya ubangijina" da murya mai rawa ka ɓata fitowar. Muryar uwa za ka nema, ta ce "ɗana", ta ce "ɗan nan ka cika ƙiriniya". Ta biyar kuwa ita ce ta masoyi da masoyiya, irin wadda Radha da sauran matan makiyaya suka yi wa Kirishna. Mirabai, 'yar gidan sarauta a Rajastan a ƙarni na 16, ta ɗauki Kirishna mijinta, waƙoƙinta kuma cike suke da kewa da zafin rabuwa. Tun kafin ta, a kudancin Indiya, an yi Andal mai irin waɗannan waƙoƙi, mace tilo cikin mawaƙan ibada 12 na ƙasar Tamil da ake kira Alwar. Idan irin wannan waƙa ta fito, kalmominka su ne ƙauna, shauƙi da kewa.

Na san wasu za su ce ai ga "bege". Ni ba na sa ta. A kunnen Bakano bege na Manzon Allah ne (SAW), kuma ba na son in ɗauko ta in kai inda za a yi mini mummunar fahimta. Haka zikiri da bandiri. Idan an taru ana kirtan da ganguna da kuge, ka ce waƙar yabo. Aikinmu mu sa ɗan kallo ya gane abin da mutanen nan ke nufi, ba mu sa musu rigar addininmu ba, ba kuma mu yi musu ba'a da bakinsu ba. Don haka ma ba na sa wa mai ibada kalmar "gunki" a baki. Shi ba haka yake kiransa ba, sunansa yake kira. Idan a labarin akwai mai sukar abin, to shi ka ba shi kalmar.

Wani lokaci mafita ita ce ka rabu da kalmar gaba ɗaya, ka faɗi aikin da ake yi. Littafin Bhagavata Purana ya lissafa hanyoyi 9 na yin bhakti ta bakin wani yaro mai suna Prahlada: sauraro, rera yabo, tunawa, hidima ga ƙafafu, miƙa hadaya, rusunawa, barantaka, abota, da miƙa kai ɗungurungum. Kusan duk abin da kyamara za ta nuna maka yana cikinsu. Mace ta ɗauko faranti da fure da fitila? "Za ta kai hadaya" ya fi "za ta yi bauta" haske. A littafinsu Bhagavad Gita, babi na 9, Kirishna ya ce yana karɓar ko ganye ne, ko fure, ko 'ya'yan itace, ko ruwa, muddin da bhakti aka kawo. Marubuta na son wannan baiti idan talaka ya zo da ɗan abin hannunsa, kuma a nan "da zuciya ɗaya" ita ce fassarar.

Ka kuma kula da waƙoƙin Kabir, masaƙin Banaras na ƙarni na 15 da ya tashi a gidan Musulmi. Shi yana cikin masu bhakti ga wanda ba shi da siffa, abin da suke kira nirguna. Yakan ambaci Ram, amma ba Rama sarkin Ayodhya mai kwari da baka yake nufi ba, kuma ya caccaki bautar dutse. Baitocinsa na cikin littafin mabiya Sikh, waɗanda ba sa ajiye mutum-mutumi a wurin ibadarsu. Idan ka ga rawani da gemu a fim ɗin Punjab, ka cire gunki daga lissafinka.

Saura motsin baki. Bhakti gaɓa biyu ce, tana farawa da haɗe leɓe. "Bauta" ma haka, kuma ina zargin wannan ne ya sa kuka maƙale mata. "Biyayya" ma da leɓe take farawa, gaɓa ɗaya kawai ta ƙaru. "Kishin ƙasa" gaɓa huɗu ce a gurbin uku na deshbhakti, tana shiga idan ka ɗan yi sauri. Inda jimlar ta yi tsawo, jira kyamara ta juya kan mai sauraro ka ƙarasa a can.