Yadda nake zaɓar yaren rubuta manhaja kafin in fara aiki

Kafin ka shiga gardamar wane yare ya fi wani, tambayi kanka abu ɗaya: a wannan aikin wa zai kula da memori, wato wurin da kwamfuta ke ajiye bayanai yayin da shiri ke aiki, kai ko yaren?

In aikin na can ƙasa ne, a cikin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, misali direban katin sadarwa, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa katin, to kai ne za ka kula. A nan yaren C ya daɗe yana cin karensa ba babbaka. Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiro shi a Bell Labs, aka sake rubuta babbar manhajar Unix da shi a 1973, da shi kuma Linus Torvalds ya fara babbar manhajar Linux a 1991. A C ba mai share maka komai: ka ari wuri a memori da umarnin malloc, kai za ka mayar da shi da umarnin free. Ka manta, memori ya yi ta yoyo. Na taɓa shafe kwana biyu ina neman abin da ke kashe min shiri, ashe wurin da na riga na mayar nake komawa ina karantawa. Layi ɗaya tak! Irin wannan kuskuren yaren Rust ke kamawa tun wajen harhaɗa shirin, kafin a kunna shi, shi ya sa aka buɗe masa ƙofa a Linux 6.1 a Disamban 2022. Sai dai makonnin farko za ka sha faɗa da shi, don ba ya ɗaga ƙafa.

In kuwa manhajar waya ce ko ta kwamfutar tebur, kada ka wahalar da kanka. Kotlin ga Android, Swift ga iPhone, Python in gwaji kake so cikin sauri. Duk su ke kula da memori.

In har yanzu kana tababa, ga abin da nake yi. Ɗauki ƙaramin aiki, kamar ƙirga kalmomin wani babban fayil, ka rubuta shi a yaruka biyu, misali C da Python. Auna gudun kowanne da umarnin time, ka bi na C da valgrind, manhajar binciken memori, ka ga ko yana yoyo. Sannan duba agogo, minti nawa rubuta kowanne ya ci maka? Wannan awon ne aka fi mantawa. A nawa gwajin na C ya fi gudu nesa ba kusa ba, amma na Python ya gama aiki tun ina rubuta teburin ajiye kalmomi a C.