Yadda Za Ka Auna Nisan Tsawa Ka Kare Kanka

1. Da ka ga walƙiya, fara ƙirga daƙiƙu har ka ji rugugin tsawa.

2. Raba adadin gida uku. Sauti kan ci kilomita 1 cikin kimanin daƙiƙa 3, ke nan daƙiƙa 15 kilomita 5 ce.

3. In ƙirgan bai kai 30 ba, shiga gini ko mota mai rufin ƙarfe, ka rufe tagogi. Don Allah kada ka fake a gindin bishiya, ko da ruwa na dukanka, domin aradu ta fi faɗa wa abu mai tsayi.

4. A ciki, nisanci famfo da na'urorin da ke jone da lantarki.

5. Kada ka fita sai minti 30 bayan tsawar ƙarshe.