Yadda Ake Rufe Gasar Ƙwallon Ƙafa Idan Ta Tsaya Ba a Kammala Ba

A watan Maris na 2020, 'yan makonni bayan an tabbatar da ɓullar cutar korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu, aka dakatar da gasar Firimiyar Najeriya bayan an buga wasannin mako na 25 daga cikin 38. Wikki Tourists ta Bauchi tana cikin ƙungiyoyi 20 da ke fafatawa a wannan kakar, kuma magoya bayanta sun ɗauka cewa hutun ɗan lokaci ne. Ba a sake buga ko wasa ɗaya ba. A watan Yuli aka rufe kakar da lissafi a kan takarda, kuma wannan lissafin ya bar jayayya a baya.

Wannan bayani na masu shirya gasa ne a matakin unguwanni, makarantu da ƙananan hukumomi, ko a cikin garin Bauchi suke, ko a Azare, Misau ko Ningi. Ba sai annobar da ta game duniya ce ke tsayar da gasa ba. A wannan yanki namu, ɓarkewar amai da gudawa ko zazzaɓin Lassa, dokar hana fita, lokacin zaɓe, damina mai ƙarfi da ta mayar da fili tafki, ko janyewar mai ɗaukar nauyi, kowanne yana iya katse gasa tana tsaka da armashi.

Aikin farko ana yin sa ne tun kafin a take leda

Babban abin da ya kamata mai shirya gasa ya koya daga 2020 shi ne cewa duk dokar da aka kafa bayan kowa ya ga matsayinsa a teburi, ba za ta taɓa samun amincewar kowa ba. Wanda yake na ɗaya zai ce a tsaya a nan a ba shi kofi, wanda yake na uku da kwantan wasanni zai ce a yi lissafi, wanda yake ƙasan teburi kuwa zai ce a soke komai a sake lale. Babu maƙaryaci a cikinsu, kowa dai yana jan ruwa ne zuwa gonarsa. Saboda haka, a ranar da shugabannin ƙungiyoyi suka taru don biyan kuɗin rajista da fitar da jadawali, a lokacin da kowace ƙungiya take da maki sifili, a ranar ya kamata a rubuta abin da za a yi idan gasa ta tsaya, kowa ya sa hannu, a ba shi kwafinsa ya tafi da shi.

Sakin layi ɗaya ya isa, muddin ya amsa tambayoyin da ke jawo rigima. Ta farko ita ce yawan wasannin da dole a buga kafin a ce sakamakon gasar ya tsayu. A ganina kashi biyu cikin uku ma'auni ne mai kyau, kuma kusan nan Firimiyar Najeriya ta kai, domin 25 cikin 38 ya ɗan gaza kashi biyu cikin uku ne da kaɗan. Idan ba a kai ko rabi ba, wato ƙungiyoyi ba su gama haɗuwa da juna ko sau ɗaya ba, babu lissafin da zai yi adalci, sai dai a soke gasar. Sauran tambayoyin su ne hanyar da za a jera ƙungiyoyi, abin da zai raba gardama idan biyu suka yi kunnen doki, makomar na ƙasan teburi, da kuma wanda ke da ikon yanke hukuncin ƙarshe. Wannan na ƙarshen a kula da shi sosai: kada a sa mutumin da ke da ƙungiya a cikin gasar, ko da kuwa shi ne ya fi kowa dattako, domin ko ya yi gaskiya za a ce ya yi son kai.

A kuma rubuta wa'adi. Firimiyar Najeriya ta yi kusan wata huɗu tsakanin dakatarwa da rufewa, kuma babbar gasa tana da hujjar yin haka, tun da tana jiran umarnin gwamnati da jadawalin hukumar ƙwallon Afirka ta CAF. Ƙaramar gasa ba ta da wannan uzuri. A ce idan an yi kwana sittin, ko adadin da aka amince da shi, ba a koma fili ba, kwamiti zai zauna ya rufe gasar.

Ranar da gasa ta tsaya

Abin da za a fara yi shi ne a fitar da sanarwa a rubuce cewa an dakatar da gasa, a yi amfani da kalmar dakatarwa, kada a ce an soke ko an kammala. Daga nan sai sakataren gasa ya tattara takardun sakamakon wasa da alƙalan wasa suka sa wa hannu, ya fitar da teburi kamar yadda yake a ranar, ya aika wa kowace ƙungiya, a ba su mako guda su kawo gyara idan suna da shi. Duk wani ƙorafi da ke gaban kwamiti, kamar na sanya ɗan wasan da ba shi da rajista ko na wasan da aka tashi ba a ƙarasa ba, a yanke masa hukunci a wannan tsakanin, kafin a taɓa lissafi. Maki uku da aka ƙwace ko aka bayar bayan an bayyana sakamakon ƙarshe suna iya juya teburi gaba ɗaya, kuma babu wanda zai yarda cewa ba da gangan aka yi ba.

Lissafin maki bisa yawan wasa

Hanyar da kamfanin LMC mai gudanar da gasar a lokacin, ƙarƙashin shugabancin Shehu Dikko, ya bi da amincewar Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF, ita ce raba makin kowace ƙungiya da yawan wasannin da ta buga. Dalilin zaɓar wannan hanya shi ne ba duka ƙungiyoyi ne suka buga wasanni daidai da juna ba. Plateau United ta Jos tana da maki 49 daga wasa 25, wanda ya ba ta 1.96, kuma babu wanda ya yi jayayya da zamanta a sama. Rivers United tana da maki 45 daga wasa 25, wato 1.8. Enyimba ta Aba kuwa, wadda ke da kwantan wasanni biyar saboda tana buga gasar Afirka a lokacin, tana da maki 36 daga wasa 20, wanda shi ma 1.8 ne cif. A teburin da kowa ke gani akwai tazarar maki tara tsakaninsu, amma a lissafi sun yi kunnen doki, kuma abin da ke tsakanin na biyu da na uku ba ƙarami ba ne: na biyu zai tafi gasar Zakarun Afirka, na uku kuma ƙaramar gasar CAF ta Confederation. Aka ba Enyimba na biyu ta bi Plateau United, Rivers United ta tafi Confederation tare da Kano Pillars mai riƙe da kofin ƙalubale na Aiteo na 2019, kuma Rivers United ta fito fili ta nuna rashin amincewarta da hukuncin.

Darasin a nan ba wai hanyar ba ta da kyau ba ne. Ita ce mafi sauƙin fahimta, kuma duk mai wayar hannu zai iya bin lissafin da kansa. Amma dole a rubuta tun farko abin da zai biyo baya idan aka yi daidai, a jere kuma: ko sakamakon haɗuwar ƙungiyoyin biyu ne a gaba, ko rarar ƙwallaye. Idan rarar ƙwallaye ce, ita ma a raba ta da yawan wasa, domin wanda ya buga 20 ba a auna shi da mudun wanda ya buga 25. A kuma faɗi yawan lambobin da za a duba bayan ɗigo, saboda 1.79 da 1.83 duka suna komawa 1.8 idan aka taƙaita, alhali ba ɗaya ba ne. Lambobi uku bayan ɗigo sun wadatar.

Akwai wani rauni da wannan lissafi yake da shi wanda duk mai bibiyar ƙwallon Najeriya ya san shi, wato wahalar cin wasa a waje. Mu ɗauki misali na gasar ƙungiyoyi 12 da ake yi gida da waje, ta tsaya kowa ya buga wasa 14. Ƙungiya ta farko ta buga 9 a gida ta sami maki 21, ta buga 5 a waje ta sami 4, jimilla 25, wanda ya ba ta 1.79. Ta biyu ta buga 5 a gida ta sami 13, ta buga 9 a waje ta sami 11, jimilla 24, wato 1.71. A lissafi na kai tsaye ta farko ce a gaba. Amma idan aka ware gida daban, waje daban, ta farko tana da 2.33 a gida da 0.8 a waje, tsaka-tsakinsu 1.57, ta biyu kuwa tana da 2.6 a gida da 1.22 a waje, tsaka-tsakinsu 1.91. Ashe jadawali ne ya ɗaga ta farko, ba ƙwazo ba. Idan gasarku ta haɗa garuruwa, ƙungiyar Azare tana zuwa Misau, ta Misau tana zuwa Bauchi, to wannan lissafi na biyu ya fi adalci, ko da yake ya fi wuyar bayani ga magoya baya. Idan kuwa duk a fili ɗaya ake buga wasannin, kamar yadda yawancin gasannin unguwanni suke, babu gida babu waje, kada ku wahalar da kanku da shi.

Kafin a kai ga alƙalami ma, a duba ko za a iya ƙarasawa a fili. Jamus ta koma wasa ranar 16 ga Mayun 2020 ba tare da 'yan kallo ba, Ingila ta biyo baya ranar 17 ga Yuni, har Liverpool ta ɗauki kofin da ta yi shekara 30 tana nema. Su suna da kuɗin gwajin korona da kuɗin talabijin da ya sa ƙarasawar ta zama dole. Abin da ƙaramar gasa za ta iya ɗauka daga nan shi ne taƙaitawa: idan hukuma ta ba da izinin taro, a tara ƙungiyoyi huɗu na sama a fili ɗaya su yi wasan kusa da na ƙarshe da na ƙarshe cikin mako guda. Amma a ba su aƙalla mako biyu zuwa uku na atisaye tukuna, domin ɗan wasan da ya yi wata biyu a zaune, aka jefa shi wasan neman kofi, rauni ake nema masa.

Batun na ƙasan teburi ya fi na kofi zafi, domin wanda aka hana kofi ya rasa abin da bai taɓa riƙewa ba ne, wanda aka jefa rukunin 'yan dagaji kuwa an raba shi da abin da yake hannunsa. Faransa ta rufe gasarta bayan mako na 28, ta ba PSG kofi, ta saukar da Amiens da Toulouse, kuma maganar ta kai har kotu. Sikotilan ta ba Celtic kofi ta saukar da Hearts, can ma sai da aka yi shari'a. Holan ta bi wata hanya dabam, ba ta ba kowa kofi ba duk da Ajax ce a sama, ba ta saukar da kowa ba, amma Cambuur da ke jan ragamar rukuni na biyu da tazara mai yawa ta rasa hawa. Najeriya ma ba ta saukar da kowa ba, ba ta kuma hawar da kowa ba. Ga ƙaramar gasa, shawarata ita ce kada a saukar da kowa daga gasar da ba a kammala ba, amma idan akwai rukuni na ƙasa da ya yi nisa, a hawar da na ɗayansa, a buga kaka mai zuwa da ƙarin ƙungiya, sannan a saukar da ƙarin ɗaya a ƙarshenta don adadi ya koma yadda yake.

Sai kuɗi. Alƙalan wasa da masu kula da fili a biya su haƙƙin wasannin da suka riga suka yi, kada a haɗa su da jiran hukunci. Idan an soke gasa, a cire abin da aka kashe, a nuna wa ƙungiyoyi rasit, ragowar kuɗin rajista a mayar musu ko a ajiye musu shi a matsayin rajistar kaka mai zuwa, gwargwadon abin da suka zaɓa. Mai ɗaukar nauyi kuma, ko ɗan kasuwa ne ko mai riƙe da sarauta ko ɗan siyasa, a je masa da ƙafa a yi masa bayani kafin ya ji a gari. Rajistar 'yan wasa ma a fayyace ta: hukumar FIFA ta ba da shawara a watan Afrilun 2020 cewa kwantiragin da zai ƙare a ƙarshen kaka a tsawaita shi zuwa ranar da kakar ta ƙare a zahiri, kuma wannan ƙa'ida tana da amfani ko a gasar unguwa, domin ita ce za ta hana ƙungiyar da ke neman kofi ta kwashe zaratan wata ƙungiyar a lokacin hutu ta dawo da su fili.

Idan kwamiti ya gama, a kira shugabannin ƙungiyoyi a karanta musu hukuncin ido da ido kafin a sa shi a WhatsApp ko Facebook. Takardar ta ƙunshi teburi gaba ɗaya, da yawan wasa, da maki, da sakamakon rabawa na kowace ƙungiya, da sakin layin doka da aka dogara da shi, a kuma ba da kwana bakwai na ɗaukaka ƙara ga wasu dattawa uku da ba su zauna a kwamitin farko ba. A ƙasan takardar a rubuta ranar da ake sa ran fara sabuwar kaka, ko aƙalla ranar da za a zauna a tsayar da ita. Firimiyar Najeriya ba ta dawo ba sai ranar 27 ga Disambar 2020, fiye da wata tara bayan dakatarwar, kuma ƙungiyar unguwa da ba ta biyan albashi ba za ta iya riƙe 'yan wasanta tsawon wannan lokaci ba in ba su san ranar dawowa ba.