Yadda Ake Gano Ko An Fitar Da Fayiloli Daga Kwamfuta Ta Bluetooth Ko Wi-Fi

Windows ba ta da wani kundi guda da ke rubuta cewa an tura fayil kaza zuwa wayar wane da ƙarfe kaza. Abin da take bari alamomi ne a warwatse, aikin mai bincike kuwa shi ne ya tattaro su ya jera bisa lokaci, ya ga ko sun haɗu a kan sa'a ɗaya. Don haka kafin a fara, kada a cire wata na'ura daga jerin Bluetooth, kada a goge manhaja, kada kuma a kunna manhajojin share tarkace, domin dukkansu suna ɓata sawun da ake bi. Idan lamarin zai iya kaiwa kotu, gara a tsame hannu, a kira ƙwararre ya ɗauki kwafin faifan kwamfutar gaba ɗaya tukuna.

A fara da Bluetooth. A cikin Settings, sashen na'urori yana nuna duk abin da aka haɗa da kwamfutar, kuma sunan wayar da ba a sani ba abin tambaya ne. Sai dai jerin nan yana da sauƙin gogewa, kuma haɗa waya kaɗai ba ya nuna an tura komai. Hujjar da ta fi nauyi tana wajen wata ƙaramar manhaja mai suna fsquirt.exe, wadda ita ce manhajar Windows ta aikawa da karɓar fayil ta Bluetooth. Idan aka shiga C:\Windows\Prefetch, jakar da Windows ke ajiye sawun manhajojin da aka kunna, da izinin mai kula da kwamfuta, aka tarar da fayil da sunansa ya fara da FSQUIRT, to an taɓa kunna ta, kuma tun daga Windows 8 irin wannan fayil yana riƙe da lokuta 8 na ƙarshe da aka yi hakan, ko da yake sai da manhajar bincike ake karanta su. A ganina wannan ita ce alamar da aka fi mantawa da ita, har shi mai ɓoye sawun ma.

Ta ɓangaren Wi-Fi, dabarar da aka saba ita ce mutum ya sauke kwamfutar daga intanet ɗin ofis, ya haɗa ta da na wayarsa, ya tura abin da yake so, sannan ya mayar. Umarnin netsh wlan show profiles, idan aka rubuta shi a Command Prompt (tagar rubuta wa Windows umarni), yana fito da sunayen hanyoyin da kwamfutar ta adana, shi kuma netsh wlan show wlanreport yana haɗa rahoton kwanaki 3 da suka wuce. Wanda ke son komawa baya fiye da haka sai ya buɗe Event Viewer, manhajar da ke nuna kundayen abubuwan da suka faru a Windows, ya nemi kundin WLAN-AutoConfig, inda lamba 8001 ke nufin an haɗu da wata hanya, 8003 kuma an rabu da ita. Haɗuwa ta ƴan mintuna da wata hanya mai sunan waya, musamman bayan tashi daga aiki, ta cancanci a rubuta lokacinta. A duba kuma ko Nearby sharing, tsarin tura fayil zuwa na'urar da ke kusa wanda ya shigo Windows 10 a 2018, yana kunne, da ko an saka manhajoji irin su Quick Share ko SHAREit. Ganin Microsoft Wi-Fi Direct Virtual Adapter kuwa ba abin tayar da hankali ba ne, domin Windows ce da kanta ke samar da shi.

Sai batun yawan abin da ya fita. Shafin Data usage yana nuna abin da kowace manhaja ta ci a kwanaki 30, amma a dunƙule. Fayil ɗin SRUDB.dat da ke C:\Windows\System32\sru shi ne ke rarrabe abin da aka aika da abin da aka karɓa, kusan sa'a bayan sa'a.

A kwamfutar Mac, AirDrop, hanyar tura fayil tsakanin na'urorin Apple, shi ne abin dubawa, kuma ana neman sawunsa a kundin tsarin ƙarƙashin sunan sharingd, wanda ba ya daɗewa kafin sabbin bayanai su danne tsofaffi.

Bayan an samu lokutan da ake zargi, sai a gwada su da kundin Security na Windows da ke cikin Event Viewer: lamba 4624 tana nuna asusun da aka shiga da shi, 1102 kuma tana nuna an share kundin ɗungurungum, wanda shi kansa babbar alama ce. Jakar Recent tana nuna fayilolin da aka buɗe a daidai lokacin. Ko duk sun dace, asusu aka gano ba mutum ba, tunda ana aron kalmar sirri. Lambar da ke ambaton fayil ɗin da aka taɓa da sunansa ita ce 4663, amma a kashe take zuwa, sai an kunna sa ido a kan jakar da ake son karewa, kuma ba ta rubuta abin da ya faru kafin a kunna ta.