Rigimar Maido da Kuɗi a Asibitin Haƙori: Kurakuran da Ke Sa a Rasa Kuɗi a Rasa Haƙori

Tun da aka ji a unguwarmu ta Tudun Wada cewa na taɓa kai ruwa rana da wani asibitin haƙori a kan kuɗi, duk wanda haƙori ya hana barci sai a turo shi wurina. Mutum zai zo kumatu a kumbure, ya ce likita ya cinye masa kuɗi ga haƙori bai daina zugi ba. Ina rasit? Babu. Wane aiki aka yi maka? "Ai dai sun yi ta ƙwaƙule-ƙwaƙule." Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na rubuta.

Kuskuren da ya fi kowanne cin mutane shi ne biyan kuɗi ba tare da sanin sunan aikin ba. Ciko daban, cire haƙori daban, wankin haƙora daban, cire jijiya kuma daban, kuma a kan wannan na ƙarshe aka fi yin rigima. Idan kogo ya ci har ya kai ga jijiya, likita kan huda haƙorin ya kwashe jijiyar da ta ruɓe, ya wanke ramin, ya sa magani, ya toshe da ciko na wucin gadi. Yawanci sai ka sake komawa a cike ramin gaba ɗaya, daga baya a ɗora masa rufi irin yadda ake lulluɓe haƙorin Makka, don haƙorin da aka rarake cikinsa yana saurin tsagewa, musamman na turmi. Kowane mataki da kuɗinsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa mai ba da magani ya bayyana maka zaɓin da kake da shi, da haɗarinsa, da kuɗinsa, cikin harshen da kake ji. Saboda haka tambaya ba raini ba ce. Ka ce, "Likita, wannan kuɗin har da rufin ne, ko na zuwan yau kaɗai?" Ka sa a rubuta a rasit, layi-layi.

Ni a nan aka kwashe ni. Zafi ya ɗauke min hankali, yaron da ke zaune a teburin karɓar kati ya miƙo min wata 'yar takarda mai lambar asusu, na tura kuɗin aikin duka ban ko duba sunan da ya fito ba. Sunan yaron ne, ba na asibitin ba. Aka yi min zaman farko, zafi ya tafi, ni ma na tafi. Me zai mai da ni tunda ina taunar kilishi lafiya? Cikon wucin gadin ya fita wata rana ina cin gyaɗa, na tofar na ci gaba da harkata. Da ciwon ya dawo, ya dawo da mugunya, ni kuma da fushi, sai na wuce wani wuri a Kawo aka cire haƙorin. Sannan na nufi asibitin farko neman kuɗina.

Likitan bai ɗaga murya ba. Ya buɗe fayil, ya juyo min da shi, ya nuna ranar da aka rubuta in dawo. Ya ce, "Malam, ina haƙorin da kake cewa na lalata? Bari in duba shi." Na buɗe baki, sai giɓi.

Wannan shi ne kuskure na biyu, kuma wallahi shi ya fi ba ni haushi idan na ga ana maimaita shi. Kai da kake zargin an yi maka aikin banza, ka je ka tumɓuke hujjarka da hannunka! Haƙorin shi ne shaidarka. Idan ba ka yarda da likitan farko ba, je wurin wani, amma kafin ya taɓa komai a ɗauki hoton X-ray na haƙorin, a ba ka kwafi, ya rubuta abin da ya gani. Hoto ne ke nuna ko cikon ya kai ƙarshen saiwa, ko an bar wani rami ba a taɓa ba, ko ma ciwon daga haƙorin kusa yake. Wani lokaci zugin haƙoran sama na baya daga kogon hanci yake fitowa, haƙorin lafiyarsa ƙalau. Ba hoto, maganarka ce kawai da tasa, shi kuma yana da fayil.

Haka nan ku daina ɗaukar kowane ciwo a matsayin shaidar cuta. Haƙorin da aka cire wa jijiya yakan yi tsami na 'yan kwanaki idan an tauna da shi. Ramin da aka cire haƙori kuma, idan gudan jinin da ya toshe shi ya fita, yakan tashi da ciwo mai tsanani bayan kwana biyu zuwa huɗu. Sigari, da kurkure baki da ƙarfi a ranar farko, da tsotsar wurin suna cikin abin da ke jawo shi. An ce maka ka bar sigari, ka fito ƙofar asibiti ka kunna, sannan ka dawo neman kuɗi?

Ƙananan kurakurai kuwa ga su a gurguje. Shan Ampiclox da Flagyl na kemis ba ya cike kogo. Ruwan batir da ƙwayar asfirin da ake dannawa a dasashi ƙona nama suke yi. Ɓoye wa likita hawan jini, ciwon suga ko juna biyu ganganci ne. Kuma ba duk mai farar riga ne likitan haƙori ba, ka tambayi wanda zai yi maka aikin.

To, yaya ake neman kuɗin? Abin da nake gaya wa mutane, kuma wasu ba sa son ji, shi ne ka nemi kuɗin aikin da ba a yi ba. Hoton da aka ɗauka, da allurar kashe zafi, da zaman da aka yi maka, an riga an yi su. Wanda ya shiga yana ihun a ba shi kuɗinsa cas yakan fito hannu rabbana. Ni kuɗin rufin da ba a sa min ba kawai na samu, shi ma sai da alat ɗin banki ya tilasta wa yaron amsa cewa kuɗin sun shiga hannunsa. Al'adata yanzu ita ce takarda: kwafi biyu, kwanan wata, aikin da aka biya, wanda aka yi, wanda ya rage, adadin da ake nema. A kai wa mai asibitin, a sa hannu a ɗaya ka riƙe. Nakan ba da mako biyu. Nakan kuma tafi da dattijo ɗaya mai sanyin baki, ba 'yan majalisarmu ba.

Masu zuwa da ɗan sanda, ku ji tsoron Allah. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya, ƙarshenta kuɗin mai ne zai ƙaru a kan asararka. Masu hawa Facebook su kira sunan likita ɓarawo kuma, kuna iya tashi daga mai ƙara ku koma wanda ake ƙara kan ɓata suna.

Idan takarda ba ta yi ba, ka san ƙofar da za ka buga. Hukumar MDCN ita ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista, tana bincikar sakaci idan an kai ƙorafi da takardar rantsuwa, tana iya dakatar da likita, amma aikinta ladabtarwa ne, ba karɓo maka kuɗi ba. Batun kuɗi na hukumar kare haƙƙin masu saye ne, wato FCCPC, ko kotu. Kundin haƙƙin marasa lafiya da aka ƙaddamar a 2018 ya ambaci bayyana kuɗi dalla-dalla da damar ganin bayanan jinyarka, ka kafa hujja da shi a takardarka. Kafin kotu dai ka yi lissafi, kada zirga-zirga ta cinye abin da kake bi.

Duk wannan na mai ƙarfin rigima ne. Idan kumburi ya gangaro ƙasan haɓa, ko ya haura wajen ido, ko zazzaɓi ya rufe ka, ko haɗiyar yawu da buɗe baki sun fara gagara, ajiye rasit ɗin a gida. A kai ka asibitin Barau Dikko da ke Kaduna a daren, ko asibitin Shika idan kana ɓangaren Zariya, don irin wannan kumburin yana toshe numfashi.