Yadda ake juye man konbata in za a canza man giyar atomatik

Abin da yawancin masu mota basu sani ba shine in ka kai motarka gareji kace a juye maka man giya, ba duka man ne yake fita ba, kai wani lokacin ko rabi baya kaiwa. Makanike zai kwance noti ko ya sauke farantin ƙasan giyabos, lita 3 ko 4 su zubo, ya zuba sabo ka biya ka tafi kana ganin an gama, alhali giyar tana cin lita 7 zuwa 9 gaba ɗaya, ya danganta da motar. To ina sauran? Yana cikin tok konbata da kula (mai sanyaya man giya) da tiyo-tiyon da suke kai mai wajen lagireto, kuma konbatar ce ta riƙe kaso mafi tsoka.

Ita konbata tana tsakanin inji da giyabos ne, kamar kwano biyu aka kife aka musu walda, cikinta cike da mai, man ne yake ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya, shi yasa zaka tsaya a danja giya na kan D motar bata mutu ba. In an kashe inji man dake cikinta baya komawa ƙasa duka, yana nan kwance. Kana tada mota kuma ya gauraya da sabon da ka siyo da tsada, kafin ka isa gida ja ya koma ruwan ƙasa.

Farko dai ka san ba kowace mota ce take da notin juye a jikin konbata ba. Tsofaffin Marsandi suna da shi, irinsu 190 da V-boot da C-Class da E-Class na farko-farko, masu giya mai lamba 722.3 da 722.4 da kuma 722.6 har zuwa wajen 1999 inda kamfanin ya daina sakawa. Tsofaffin Ford na Amurka da yawa suma suna da shi. Amma Corolla, Camry, Accord, Civic, waɗanda sune suka cika mana titi, babu. In wani yace zai huda maka konbata da dirila ya yanka zare ya ɗaura noti, ɗauki motarka ka gudu wlh, garin ƙarfen da zai faɗa ciki kaɗai ya isa ya kashe giyar.

Bari mu ɗauki Marsandi tunda ita ce aka fi samu. Ka ɗan zagaya da motar man ya yi ɗumi, ba zafin da zai ƙona ka ba, sai a hau rami ko a ɗaga ta a sa mata jak-stan, dan Allah kar ka shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai. Giya a P, a ja hambirki, a zare makulli ka sa a aljihunka don kar wani yaron gareji ya zo ya tada motar alhali hannunka na ciki. A fara da farantin: kwance notin juye in akwai, in ya gama zuba a sassauta notocin gefe, a bar biyu na gaba a sauke bayan a hankali don akwai sauran mai a ciki. Duba maganaɗisun dake cikin farantin, baƙin laushi mai kamar kwalli ba komai bane, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko gutsattsarin wani abu to maganar ta wuce canjin mai. A wanke farantin, a sa sabuwar filta da sabon gaskit, kar a yarda da maganar nan ta "tsohon ma zai yi Alhaji".

Yanzu konbatar. A ƙasan kaskon da ya haɗa inji da giyabos akwai wata ƴar taga, wasu da murfin roba wasu a buɗe. Mutum biyu ake buƙata anan, ɗaya yana gaba da soket 27 a kan babban notin fulin kiranshaf yana juya injin a hankali, ɗaya yana ƙasa da tocila yana kallon tagar. Juyawar kuma ta bi yadda hannun agogo yake tafiya in kana tsaye a gaban motar, kar a koma baya, sarƙar taimin bata son haka. Zaka ga jikin konbatar yana wucewa yana wucewa, sai ga wani ɗan ƙaramin noti mai rami ya bayyana, sai kace tsaya! In an wuce shi a sake zagayowa kawai. Alanki mai lamba 5 ne yake kwance shi, kuma a tabbatar ya zauna sosai cikin ramin kafin a murɗa, a kakkaɓe dattin ciki tukun, don in kan notin nan ya cinye ka shiga uku, wajen ba sarari. Yana fita mai zai taho, lita 2 zuwa 3 haka, kuma yana ɗaukar lokaci yana ɗiga, a barshi ya tsane aje a sha shayi. Wajen mayarwa a sa sabuwar wosha, a ɗaure daidai ba da ƙarfin tsiya ba, ƙaramin noti ne.

Wata dabara da nake ganin kowa ya kamata ya riƙe: duk abin da ya fita a tara shi a jarka mai awo. Yawan abin da ya fita shi zaka mayar na sabo, daga nan sai a daidaita.

Wajen zubawa ne mutane suke ɓata aikin. Tunda konbata ta zama fanko, farantin ba zai ɗauki man duka lokaci ɗaya ba, in ka ɗura duka sai ya yi ambaliya ta sama. Zuba kamar lita 4 tukun, tada inji a P, famfon giya zai ja ya cika konbatar cikin ƴan daƙiƙu, sai ka ci gaba da ƙarawa injin na aiki. Taka birki ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, R, N, D, kowanne ka ɗan dakata, ka dawo P. Ana auna man ne inji na aiki, mota a waje mai lebur, man ya yi zafi. Ita 722.6 bata zuwa da sandar awo, akwai ta musamman da ake siya daban mai alamar digiri 25 da digiri 80, ta 80 ɗin ita ce ta gaskiya. Kuma mai ya yi yawa shima matsala ne, kumfa yake yi giya ta fara santsi.

To masu Toyota da Honda fa? Ku hanyarku juye a zuba ne sau uku. A juye a zuba sabo, ka yi tafiya ƴan kilomitoci giya ta shiga duk matakanta, a sake, a kuma sakewa. In kowane juye yana fidda kashi 40 cikin 100, bayan na uku tsohon da ya rage bai fi kashi 22 ba, ya wadatar. Eh yana cin mai, amma ya fi siyan giyabos na Beljiyam da baka san tarihinsa ba. Akwai masu cire tiyon kula su tada inji yana fesar da tsoho suna zuba sabo ta sama, yana aiki in mai yin ya ƙware, amma in aka bari famfo ya ja iska ko na ɗan lokaci an yi ɓarna, ni bana bada shawarar mutum ya gwada a gida.

Man kuma a sa wanda kamfani yace, Honda DW-1, Toyota T-IV ko WS gwargwadon shekarar motar, a duba jikin sandar awo ko littafin mota, masu giyar CVT (wadda bata da matakai) kuwa nasu daban ne gaba ɗaya. Ba duk jan mai ne ɗaya ba ko da mai shago ya rantse.

In man naka ya riga ya zama baƙi ƙirin yana warin ƙuna giya kuma ta fara jinkirin shiga, sabon mai ba zai gyara kulocin da suka cinye ba, wani lokacin ma bayan juyen ne santsin yake fitowa fili, a nemi mai gyaran giya ya duba kafin a kashe kuɗin mai. In kuwa lafiya lau aka yi aikin, washegari ka leƙa ƙarƙashin motar ka shafa bakin tagar nan da gefen farantin ko akwai yoyo, sannan a sake auna man da zafinsa.