Idan Zane Ko Wasan Kwaikwayo Kake Son Karantawa A Jami'a

Ranar da na gaya wa mahaifina zane zan cika a fom ɗin JAMB, yana kishingiɗe a zaure, can gidanmu na Tudun Wada, rediyo na kunne. Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Rubutun allon shago? Wannan ai wata shida za ka yi a wurin mai fenti ka ƙware, me ya kai ka jami'a?" Ƙarshenta dai na yi shekara huɗu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, yau kuma da wannan karatun nake ci da iyalina, tsakanin koyarwa da safe da aikin ɗab'i da yamma. Yara sun dame ni da tambayar yadda ake yi, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya.

Ka fara da gida, ƙanina, don nan ne yawancin masu sha'awa suke faɗuwa. Kada ka tunkari Baba da zancen "baiwa ce Allah Ya ba ni", ba zai saurare ka ba. Ni kawuna na kai wa kuka, shi ya zo ya zaro naira ashirin ya juya bayanta, ya nuna wa Baba Ladi Kwali tana ginin tukwane, ya ce wannan matar Jami'ar Ahmadu Bello da kanta ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Sannan ya lissafa masa inda ake cin abinci: koyarwa, talla, zanen atamfa, gidajen talabijin, gidan tarihi. Abin da manya ke son ji ke nan.

Akwai kuma maganar siffar mai rai, kuma ba zan rufe ka ba. A shekarun farko za a zaunar da mutum a gabanku a ce ku zana shi, za kuma ka taɓa laka. Ka zauna da malaminka na addini tun kafin ka sayi fom, ka ji abin da zuciyarka za ta natsu da shi. Idan ka ga ba za ka iya ba, a Zariya akwai wani sashe daban na tsara kayan masana'antu, inda ake ƙwarewa a yadi, tangaran, gilashi ko zanen talla. Abokaina da dama can suka nufa, ba su yi nadama ba.

Takardu ba su da wani ruɗani. Kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci, lissafi ma kada ka yi wasa da shi. Mai son wasan kwaikwayo lallai ya riƙe Adabin Turanci. A JAMB darasi huɗu ne, Turanci dole, sauran ukun ka buɗe kundin JAMB na shekarar ka gani da idonka, kada ka bar wa yaron shagon kwamfuta ya zaɓa maka. Mai NCE ko difloma yana iya shiga aji biyu kai tsaye.

Abin da ya fi takarda shi ne hannu. Ka sayi littafin zane da fensir 2B da 6B tun yau, kullum ka cika shafi. Makonmu na farko aka ajiye mana butar alwala a kan teburi. Na raina ta, minti goma na gama. Malamin ya tsaya a bayana ya daɗe, sannan ya ce, "Butar da ke kanka ka zana, ba wadda ke gabanka ba." Na sake dubawa. Ashe daga inda nake zaune bakin butar ya gajarce, rabin mariƙin ya ɓuya, inuwarta kuma tana da duhu biyu, ɗaya mai kauri a gindi, ɗaya mai laushi da ya miƙe gefe. Shekara goma sha takwas ina alwala da buta ban taɓa ganinta ba. To ka je tashar Kawo ka zauna, ka zana masu dako da 'yan kamasho. Ba sa tsayawa wuri ɗaya, shi ne amfaninsu.

Ka kuma san inda za ka. Koyar da zane a Zariya ya girmi jami'ar kanta, wadda aka buɗe a 1962. Tun 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu, suna cewa a haɗa dabarun Turawa da abin da aka gada a gida. Za a tambaye ka su a jarrabawa, haka ma gumakan yumɓu na Nok, wanda ƙauye ne a jiharmu, a ƙasar Jaba. Abin kunya ne ɗan Kaduna ya je aji bai taɓa leƙa gidan tarihi na titin Ali Akilu ba.

Kuɗin makaranta ba shi ne zai karya ka ba, kayan aiki ne. Fenti, burushi, kyalle, takarda, kullum cikin saye. Ka haɗa kuɗi da mutum biyu ku sayi manyan gwangwanaye ku raba. Katakon firam ka ba kafinta ya yanka, ka ja kyallen da kanka. Idan sassaƙa ka zaɓa a aji uku, Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Kaduna, ita ce uwarka da ubanka: da tsofaffin sarƙoƙin babur da na tsinto can na ƙera zakaran da ya fi ba ni maki, a bayan mota na kai shi Zariya, direba na ta mita.

'Yan wasan kwaikwayo maƙwabtanmu ne, na sha zana musu bangon dandali. Dandalinsu ginin ƙasa ne irin na gidan Bahaushe, da zagayayyun ɗakuna, tsakiya a buɗe, an gina shi a shekarun 1970. Wanda ya zo da tunanin zai zama jarumin Kannywood cikin wata uku zai sha mamaki, don karatu ne tuli, ga rawa, ga haske, ga ɗinkin kaya, ga fita ƙauyuka a shirya wasa tare da mutanen gari kan ruwan sha ko rigakafi. Idan ka taɓa yin tashe da azumi, ka riga ka san rabin sirrin tara jama'a. Sai dai gwaji yakan kai dare, don haka ke ƙanwata, ki nemi ɗaki a cikin makaranta tun da wuri, ki kuma gaya wa Umma haka tun a gida, kada ta kira ƙarfe goma ta ji ganga.